Shuɗin Benen Las Vegas da Ya Shekara 16 Kafin a Buɗe Shi

Daga Los Angeles muka ɗauki babban titin I-15, muka ratsa hamadar Mojave da rana tsaka, ba ka ganin komai sai duwatsu da busassun ciyayi. Baje kolin kasuwanci ne ya kai mu Las Vegas, garin da caca ta zama abincinsa.

Daf da zauren baje kolin, a arewacin titin da suke kira Strip, akwai wani bene mai shuɗin gilashi, hawa 67: otal ɗin Fontainebleau, mai ɗakunan kwana 3,644 da katafaren ɗakin caca a ƙasa. Na shiga na zagaya, ko'ina ƙal, kai ka ce jiya aka aza tubalinsa. Alhali tun watan Fabrairun 2007 aka fara aikin. Jeffrey Soffer ne mai shi, kuma da bashin banki ya dogara. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008, sai bankuna suka janye hannu, aiki ya tsaya cak a 2009 ana kusan kashi 70 cikin ɗari.

Nan ne labarin ya fi taɓa ni. Dubban magina, masu walda da masu haɗa lantarki aka sallama, a lokacin da gidaje ke ƙwacewa a hannun mutanen Nevada, jihar da Las Vegas take, saboda bashi. Shi kuwa attajiri Carl Icahn ya saye kangon a 2010 kan kimanin dala miliyan 150, ya sayar da kujeru da gadajen da aka tanada, ya bar ginin yana shan rana. A 2017 ya sayar wa Steven Witkoff a kan dala miliyan 600, bai kammala ko ɗaki ɗaya ba. Witkoff ya sauya masa suna zuwa The Drew, sai ga annobar korona a 2020, aiki ya sake tsayawa.

A 2021 ginin ya komo hannun Soffer, da goyon bayan kamfanin Koch, aka buɗe shi ranar 13 ga Disamba, 2023.

Da yamma na tsallaka titi zuwa otal ɗin Resorts World. Shi ma a kan kufan wani aikin yake, Echelon, wanda aka dakatar a 2008, sai da kamfanin Genting na Malesiya ya saye filin a 2013 sannan aka buɗe otal a 2021. Washegari muka kama hanyar komawa Los Angeles.