Daren da na'urar ta yi shiru

Yau 15 ga Nuwamba, ranar da duniya ta ware don jarirai bakwaini. Na ga abokaina ma'aikatan asibiti suna ta sa hotuna tun da safe, sai na ce bari ni ma in ajiye siyasa gefe yau in ba ku labarin gidana. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda yake da jariri a ɗaki, ko matarsa na da tsohon ciki, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

A watan Satumban 2024 matata ta haihu, cikin yana sati 33. A lissafin likitoci duk jaririn da ya zo kafin sati 37 bakwaini ne, ba sai ɗan wata bakwai ba. Mace ce, nauyinta kilo 1.8. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi, Hajiya kuma ta ce takwara. Kwana 19 ta yi a ɗakin jarirai, kusan rabinsu a cikin kwalba. Ranar suna rago kawai aka yanka aka yi addu'a, mai sunan tana can asibiti da wayoyi a jikinta.

A can na fara sanin cewa bakwaini yakan manta da numfashi. Wallahi haka nas ɗin ta faɗa min: mantawa yake yi. Sashen ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin a shaƙi iska bai gama nuna ba. Idan jariri ya tsaya na daƙiƙa biyar zuwa goma ya ci gaba, wannan ba komai ba ne, kusan duk jarirai suna yi. Wanda ake tsoro shi ne ya kai daƙiƙa 20, ko launinsa ya canza, ko bugun zuciyarsa ya yi ƙasa. Maganin da suke ba su kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin kofi. Na yi dariya da na ji, na ce ashe 'yata ta riga ni zama 'yar gayu.

Da aka sallame mu numfashin ya daidaita, sai tumbuɗi ya ɗauka. Na yi 'ya'ya biyu kafin ita, na san tumbuɗi, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Tana gama shan nono zai dawo, wani lokaci har ta hanci. Ta banƙare baya, ta yi ja, ta ƙware, ta yi ta kuka. A rana sai a wanke zanin goyo biyar ko shida. Uwarta ga ciwon jego ga rashin barci, har ta fara tsoron ba ta nono.

Ƙanin matata da ke karatu a Ingila ya ji labari, ya aiko mana da wata 'yar na'ura, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. A bakin famfas ake maƙala ta, ta taɓa cikin jariri. Idan cikin ya daina motsi na daƙiƙa 20 sai ta ɗau ƙara. Ranar da ta iso ji na yi kamar an sauke min dutse daga ka. A daren na yi barcin da rabona da shi tun ranar haihuwa.

Hajiya kuwa kallon abin kawai take yi. Ita ta riga ta yanke hukunci.

"Beli ne da yarinyar nan. Shi yake taɓo mata maƙogwaro take amai. A kira wanzami a cire, a huta. Ku bakwai na haifa, duk an cire muku, waye ya mutu?"

Kun san ba a yi wa uwa musu. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, jibi ne ranar komawarmu asibiti. Mu tafi tare ki faɗa wa likitar da bakinki." Na san in ni na kawo bayanin, cewa za ta yi boko ne ya ɗebe ni.

Likitar, Allah ya saka mata da alheri, ba ta raina Hajiya ba. Ta jawo takarda ta zana mata. Ta ce, "Mama, ga hanyar abinci, ga tumbi. A mahaɗarsu akwai wani nama mai kamar bakin zuge, shi yake tsukewa bayan abinci ya wuce. Na jariri bai yi ƙwari ba, na bakwaini ya fi sakwarkwacewa. Abincinta ruwa ne zalla, tumbin ƙarami, kuma kullum a kwance take. Dole ya dawo." Ta ce cikin jarirai goma, huɗu ko fiye suna yin haka, yakan fi tsanani wajen wata huɗu, kuma mafi yawansu sun daina kafin su cika shekara. Game da beli kuwa ta ce ba shi da hannu a ciki, kowa da shi aka halicce shi. Jaririyar da ba ta kai kilo biyu da rabi ba, jinin da za ta zubar a hannun wanzami kaɗai ya isa ya tafi da ita, ban da ƙwayoyin cuta da aska ke iya sa mata, har da sandarewar wuya.

Hajiya ta yi shiru. A mota ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da aka ɗora mu a kai ba shi da tsada. A ba ta nono kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. A tsaya a tsakiya a sa ta gyatsa. Bayan ta sha a riƙe ta a tsaye a kafaɗa minti 20 zuwa 30. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, zuma kuwa sai ta shekara. A fitar da kaskon turaren wuta daga ɗakin. Sannan a kwantar da ita rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tudu.

Wannan na ƙarshen ni kaina na yi gardama. Na ce likita, mai amai a kwantar da ita rigingine, ba shaƙewa za ta yi ba? Ta ce idan jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. In aka kifa shi, hanyar iskar ce ke komawa ƙasa. Ta ce a Amurka tun 1994 suke gangamin a kwantar da jarirai rigingine, kuma mutuwar farat ɗaya cikin barci ta ragu sosai. A 2019 an janye miliyoyin wani gadon jarirai mai gangare daga kasuwa bayan yara sun mutu a ciki, a 2022 suka yi dokar hana sayar da irinsa. Ku duba shagunan kayan jarirai da na gwanjo a garinku, ku ga ko ba za ku tarar da masu kama da shi ba.

Na nuna mata na'urar ina alfahari. Ta juya ta a hannu ta ce, "Ba laifi, amma motsin ciki kawai take ji. Idan hanyar iska ta toshe, cikin zai ci gaba da motsi yaro yana kokawa, ita kuma ba za ta ce komai ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ce kada iyaye su dogara da irin waɗannan don kare mutuwar cikin barci." Na ce to. Amma gaskiya ta kunnen dama ta shiga ta fita ta hagu.

Kuna tuna ƙarshen Oktoban 2024, da kusan duk Arewa ta yi fiye da mako guda babu wutar lantarki? Litar fetur ta haura naira 1,000, janareta sai dai kallo. Kullum da yamma in kai na'urar wurin mai caji, in bi layi tare da masu wayoyi. Yaron shagon har ya tambaye ni ko sabon MP3 ne. Ga shi kuma tana yawan yi mana ƙarya. In ta zame daga famfas sai ta ɗau ihu ƙarfe biyun dare, mu zabura, mu tarar da Ummi tana barcinta lafiya. Sau uku, sau huɗu a dare. A hankali muka koma in ba ta yi ƙara ba, to lafiya.

A dare na shida cajinta a cike yake. Uwar ta ba da nono wajen ƙarfe ɗaya, gajiya ta sa ba ta riƙe ta a tsaye ba, ta kwantar da ita. Ni ina falo saboda zafi. Hajiya tana kan tabarma a ɗakin, ta idar da nafila tana jan carbi. Ita ce ta ji wani ɗan sauti, ta ce kamar mage ta haɗiyi ƙashi. Ta haska tocila ta ga nono ta hanci da baki, leɓen yarinya ya fara shuɗi, cikinta yana ta harbawa. Na'urar tana nan maƙale, 'yar fitilarta tana ƙiftawa abinta, ko ƙyas.

Salatin Hajiya ne ya tashe ni. Kafin in shigo ta ɗauke ta, ta kifa ta a hannunta kai ya ɗan yi ƙasa, tana buga bayanta kamar yadda nas ta nuna mana ranar sallama. Ashe duk tana kallo a ranar. Nonon ya zubo, sai kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na wannan daren ba.

Maƙwabcina ya fito da mota, da ɗan man da ya rage masa muka isa asibiti. Aka duba ƙirjinta, aka riƙe mu kwana biyu. A ɗakin nan na zauna ina jin ƙugin janareta, ina kallon jarirai a kwalba, wasu da robar iska a hanci. Na riƙa lissafin abin da zai faru in man ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4, wato ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan. Mu da muke zagin juna a nan kan maganar wuta, yawanci firij da fanka da cajin waya muke tunawa. Ni yanzu in aka ce an ɗauke wuta, ɗakin nan nake gani.

Da muka dawo ban jefar da na'urar ba, amma mun raba dare uku. Uwar daga isha'i zuwa sha biyu, ni zuwa uku, Hajiya zuwa asuba. Mai tsaro ba ya kwanciya. Na koyi ɗaura ta a ƙirjina fata da fata, dabarar nan da aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Abokaina na majalisa sun yi min tsiya har suka gaji, wai na zama mai jego. Na ce na ji, na karɓa.

Ga abin da likitar ta ce kada a kwana da shi a gida: amai kore ko mai jini, amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, jaririn da ba ya ƙara nauyi, ƙin kama nono, zazzaɓi, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata biyu ba, da canjin launin leɓe. Ko ɗaya ka gani, asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Kuma kafin a sallame ku, ku roƙi nas ta nuna wa duk wanda zai kwana da jaririn abin da ake yi in ya shaƙe. Har da kaka, har da kai maigida.

Ummi yanzu watanta 14. Tumbuɗin ya tafi tun tana wata tara, belinta yana nan ba wanda ya taɓa. Jiya ta kama gefen kujera ta yi taku uku ta faɗa jikin Hajiya. Na'urar tana cikin durowa, matar wani abokina ta ce in ara mata, na ce sai ta fara karanta wannan.

Allah ya raya mana su, ya ba marasa lafiya lafiya. Waɗanda suka rasa nasu, Allah ya sa masu ceto ne.