Tafiya da Keke a Bakin Tekun Faransa

A yammacin Faransa akwai wata jiha da ake ce ma Bretagne. Daga garin Roscoff na jihar aka shata ma masu keke hanya bakin teku har Dunkerque, wajen kilomita 1.500.

Hanyar hawa da gangara ce. Kusa da Perros-Guirec manyan duwatsu ne jaja-jaja, wani bisa wani, kamar rumbuna. Gaba kuma gulabe ne sunka tsaga ƙasa suna zuba cikin teku, kamar gulbin Trieux. Mutum na hangen gari tsallaken ruwa, amma sai ya zagaya neman gada.

Babban abin lura shi ne ruwa. Sau biyu kowace rana teku na janyewa, ya bar laka da yashi, sannan ya komo. A Saint-Malo hawansa na kai mita 12. Da ƙarfin ruwan nan ne ake samun lantarki a bakin gulbin Rance tun 1966.

Baƙon da ya aje kekensa ya shiga yawo cikin yashi, ruwa na iya datse mai hanya. Don haka mai hankali ya fara tambayar 'yan gari lokacin komowar ruwa. Matambayi ba ya ɓata.