Tarabulus, Masaukin Ayarin Kano A Bakin Bahar Rum

Tun kafin Bahaushe ya san hanyar Ikko ya san ta Tarabulus. Wannan birni, wanda shi ne hedkwatar ƙasar Libiya, yana zaune ne a gaɓar Bahar Rum, teku a gabansa, Sahara a bayansa. Larabawa kan ce masa Tarabulusul Garbi, watau ta yamma, don su bambanta shi da takwaransa na Labanan.

Yanayinsa ya saɓa wa na ƙasar Hausa. Ruwan sama kan sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin da hunturu ke busawa a Kano. Sa'ad da manomin Bulkachuwa ke noman firi kuwa, can rani ne sosai, wani lokaci har da wata iska mai zafi da ƙura daga hamada, wadda suke kira Gibli. A bayan gari akwai filin Jifara mai itatuwan zaitun da dabino da lemo, sa'an nan duwatsun Nafusa. Ba kogin da ke gudu shekara zagaye a ƙasar, saboda haka tun 1996 da ruwan ƙarƙashin hamada birnin ya dogara, wanda ake jawowa ta manyan bututu daga nisan ɗaruruwan mil.

Finikawa, fataken teku daga gaɓar Sham, su suka kafa garin kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa masa suna Oya. Shi da maƙwabtansa biyu, Sabrata da Labda, Girkawa suka haɗa suka kira Tiripolis, watau birane uku, sunan da ya koma Tarabulus a bakin Larabawa. Rundunar Amru ɗan Asi ta kawo Musulunci wajen shekarar 643. Sifaniyawa sun kama shi a 1510, Turkawa suka karɓe a 1551, kana daga 1711 zuwa 1835 gidan Karamanli ya yi mulki.

A zamanin wannan gida ne labarin Tarabulus ya haɗu da na Katagum. Yusufu Basha Karamanli shi ya ba wa Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Likita Oudney, 'yan rakiya suka ƙetare Sahara ta Murzuk da Bilma, suka iso Kukawa a Fabrairu 1823. Daga nan Clapperton da Oudney suka nufo Kano. A farkon Janairu 1824 suka sauka birnin Katagum, Sarki Ɗankauwa ya yi musu kyakkyawar tarba. Amma ciwo ya riga ya ci ƙarfin Oudney, ran 12 ga watan ya mutu a Murmur, ba nisa da garin, Clapperton ya binne shi ya wuce Kano shi kaɗai.

Hanyar da fatake suka fi bi zuwa ƙasar Hausa ita ce ta yamma: daga Tarabulus zuwa Gadamas, Gat, Azbin, Damagaram, sai Kano, tafiyar watanni a kan raƙumi. Sukan sauko da takarda, alharini, murjani, allurai, takubba, turare da alkyabba, su koma da jar fatar akuya, hauren giwa, gashin jimina da baƙin rini na Kura. Wasu daga cikin Larabawan suka yi zamansu a Kano, a unguwar da har yau ake kira Dandalin Turawa, gama a wancan zamani su ake nufi da Turawa.

Sai dai cikin hajar ayarin har da 'yan Adam. Dubban bayi aka kora a ƙafa ta wannan hanya, da yawa suka halaka tsakanin rijiya da rijiya. Daular Usmaniyya ta hana cinikin a 1857, amma bai tsaya nan take ba. Waɗanda suka kai da rai suka zauna a Tarabulus da Tunis, suka riƙe harshensu da borinsu, har wani Bature, Tremearne, ya je ya yi bincike a kansu ya buga littafi a 1914.

Abu uku suka karya wannan fatauci. Rabe ya ci Borno a 1893, hanyar gabas ta toshe. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar nan kuma dogo ya iso Kano, kaya suka juya kudu zuwa Ikko, inda jirgin ƙasa ke yin tafiyar watanni cikin kwanaki.

Libiya ta sami 'yancin kai ran 24 ga Disamba 1951 a ƙarƙashin Sarki Idris, Gaddafi ya hamɓarar da shi a 1969, shi ma aka kifar da shi a 2011. Yau birnin yana da mutane fiye da miliyan ɗaya. Tsohon gari na nan da lungunansa da kasuwanninsa masu rufi, da Masallacin Gurji, da Jar Fada wadda ke kallon Dandalin Shahidai, inda iyalai kan fito shan iska da maraice. Amma tun 2014 mulkin ƙasar ya rabu tsakanin gabas da yamma, kuma daga Afrilu 2019 zuwa Yuni 2020 mayaƙan Halifa Haftar sun yi ta kai wa birnin hari ba su ci shi ba.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, mota ce ta maye gurbin raƙumi. Samari da 'yan mata kan bi ta Agadas zuwa Sabha, su nufi Tarabulus da burin aikin ƙwadago ko tsallaka teku zuwa Italiya. A 2017 aka bankaɗo yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya, gwamnatin Nijeriya ta yi ta kwaso 'yan ƙasarta da jirage. Madugun da ya san rijiyoyi, ya san wanda zai sauke shi. Matafiyin yau kuwa sau da yawa wanda ya biya kuɗin mota ne ke sayar da shi. Ya kamata iyaye da masu unguwanni, daga Azare har Maraɗi, su riƙa faɗa wa yara wannan tun kafin a sayar da gona a yi guzuri. Allah Ya kiyaye.