Giya Ta Lalace, Ko An Lalata Ta?

Cikin bazarar bara, wata ranar Laraba bayan sallar isha'i, ƙanena ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, sun ce na lalata giyar injin." Sana'arsa tuƙin loda, wato injin nan mai tayoyi huɗu da ƙaton bokiti a gaba, wanda ke kwasar ƙasa yana zuba wa tifa. Mutanenmu kan haɗa shi da ƴan'uwansa su kira su duka katafila, sunan da ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na Amurka, ko da kuwa wani kamfanin ne ya ƙera injin. A lokacin suna haƙar marmara a wani rami da ke wajen Damagaram, ta hanyar Mirriya. Shugaban aikin ya yanke hukunci cewa gangancin direba ne, kuma za a riƙe albashinsa har sai an biya kuɗin gyara. Mutum ne mai mata da ƴaƴa uku.

Ban san komai game da giya ba, amma kunnena ya tsaya a kan kalma guda: "lalata". Ɗalibaina sun san cewa a tsarin ajin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, "lalata" ɗan giredi na ɗaya ne, so-karɓau, mai bukatar wanda ya aikata. "Lalace" kuwa ɗan giredi na huɗu ne, inda ganɗantawa ta mai da "t" ta koma "c", kuma a nan ba ya neman mai laifi. Haka "karya" da "karye", "fasa" da "fashe", "tsinka" da "tsinke". Shekara da shekaru ina rubuta waɗannan a allo kamar lissafi. A daren nan albashin ƙanena ya rataya a tsakaninsu.

Washegari na roƙi wani tsohon bakanike, abokin marigayi mahaifinmu, ya raka ni ramin. Kafin ya taɓa injin sai da ya sa ƙanena ya ba shi labari tiryan-tiryan. Injin yana tashi lafiya, yana ɗaga bokiti lafiya. Amma in an hau hanya mai gargada, sai allurar gudu ta faɗi sifiri alhali ana tafiya, fitilar gargaɗi ta kama, giya ta ƙi canjawa. In an kashe aka sake tayarwa, wani lokaci komai ya koma daidai. Tsohon ya jinjina kai ya ce, "Malam, giyar da haƙoranta suka karye ba ta warkewa don an kashe inji an tayar. Mu fara tuhumar ɗan rahoto."

Ɗan rahoto shi ne sunan da ya laƙaba wa na'urar da waɗanda suka koyi aiki a Kano ke kira sansa, waɗanda suka koya da Faransanci kuma suke cewa kaftar. Ba ta wuce babban yatsa ba, a ɗaure take a jikin akwatin giya, bakinta na fuskantar wani faifai mai haƙora. Irin wadda muka tarar mai waya biyu ce: maganaɗisu ne a ciki da naɗin siririyar wayar tagulla. Duk haƙorin da ya gifta ta gaban bakinta sai ya haifar da bugun lantarki guda. In faifan yana da haƙora 60 kuma yana juyawa sau 1000 a minti, bugu 1000 ke nan a kowane sakan. Kwamfutar injin ba ta ganin taya, ba ta ganin hanya. Waɗannan bugun kaɗai take ƙirgawa, ta kwatanta su da gudun injin da na sauran sassa, sannan ta san lokacin canja giya. Idan rahoton ya yanke, ko ya zo a birkice, sai ta daina canjawa don kada ta yi ɓarna a makance. Abin da direba yake ji a matsayin taurin kai, kariya ce.

Aka ajiye bokiti ƙasa, aka ja birki, aka sa duwatsu a tayoyi, aka kulle gaɓar tsakiya inda loda ke lanƙwasa, domin nan ne take matse mutum. Sannan ya karanta lambobin matsala a allon gaban direba. Kowace lamba kashi biyu ce: ɗaya na nuna sashen da abin ya shafa, ɗaya kuma irin matsalar. A ƙa'idar da ake kira J1939, wadda manyan injina da yawa ke bi, kashi na biyun nan sunansa FMI. Lamba 5 na nufin hanyar lantarki ta katse, 8 na nufin yawan bugun ya saɓa wa ƙa'ida, 2 kuwa na nufin rahoton yana zuwa yana ɗaukewa ko bai dace ba. Tamu 2 ce.

Shugaban aikin, da jin haka, ya ce a aika Kano a sayo sabuwar sansa. Tsohon ya ƙi. "Lambar ta ce saƙo bai iso daidai ba, ba ta ce ɗan aike ya mutu ba. Wataƙila hanya ce." Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi.

Ya zare mahaɗar wayoyin, ya duba ko ƙura, mai ko tsatsa sun shiga, ko wani tsinke ya lanƙwashe. Babu. Ya ɗora mita a ƙafafun sansar ya auna turjiyar naɗin, ya kwatanta da abin da littafin injin ya tanada, ya samu daidai. Ya gargaɗi yaronsa cewa wannan awon na mai waya biyu ne kawai. Mai waya uku ana ba ta wuta ne daga waje, don haka sai an fara tabbatar da cewa wutar na isa gare ta. Daga nan ya kwance sansar. Bakinta ya yi gemu da garin ƙarfe, saboda maganaɗisu na jawo duk abin da ke yawo cikin mai. A nan gabana ya faɗi, don na ɗauka shaidar da za ta kama ƙanena ce. Tsohon ya murza garin tsakanin yatsunsa, ya ce laushinsa kamar kwalli, cin yau da gobe ne. Da gutsattsari ne masu kaifi, da magana ta canja. Duk da haka ya sa aka yanka matatar mai aka buɗe. Ba a ga komai ba. Ya goge bakin sansar, ya mayar, yana kula da tazarar da ke tsakaninta da haƙoran, domin in ta yi nisa bugun kan raunana, musamman a ƙaramin gudu.

Saura hanya. Ya sa mita a ƙarshen wayoyin ta wajen kwamfuta, ya ce wa yaronsa ya bi damin wayar yana girgiza shi taƙi bayan taƙi. An ɗauki lokaci, rana ta take, ƙarfe ba ya taɓuwa. Can sai lambar da ke fuskar mitar ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. A daidai wurin, maɗaurin da ke riƙe damin ya karye, wayar ta kwanta a kan gefen ƙarfe tana goguwa har rigarta ta cinye, silin tagulla biyu ko uku kaɗai suka rage. A hanya mai santsi suna haɗuwa, a gargada su rabu. Aka yanke wurin, aka haɗa, aka rufe, aka ɗaure damin nesa da ƙarfen. Ƙanena ya hau, ya zaga ramin sau uku ta inda ya fi gargada, giya na shiga ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban aikin ya leƙa ya ce, "To, ashe waya ce ta tsinke." Giredi na huɗu. Bai ba da haƙuri ba, amma maganar riƙe albashi ta mutu a nan. Na ji daɗi har da ɗan alfahari, ina shirya yadda zan kai wa ɗalibai misalin.

A hanyar komawa gari, bayan mun sauke tsohon a ƙofar gidansa, ƙanena ya daɗe bai ce uffan ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Yaya, maɗaurin nan fa na gan shi a karye tun kafin azumi. Na ce zan faɗa, sai na manta."

Na rage gudun mota, na kalle shi. Shi kuwa titi yake kallo.