Ɗaki Ɗaya Kawai Za Mu Ƙara

A cikin birnin Kano yanzu, da zarar an sa ranar auren saurayi, tun ba a gama lissafin lefe ba sai wani dattijo ya jefo tambayar da kowa ke gudu: "To, ina zai ajiye ta?" A da amsar ba ta da wuya. Ko dai ya kama haya na shekara biyu ko uku, ko ya lallaɓa ya sayi ɗan fili ya riƙa taɓa gini a hankali. Yau duka biyun sun gagari mai ƙaramin ƙarfi. Mai gidan haya yana son kuɗin shekara a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, kafin shekara ta zagayo kuma an aiko da saƙon ƙari. Fili kuwa, ko na awon igiya ne, sai mutum ya nausa can bayan Ɗanbare ko Gunduwawa ko Zawaciki, inda kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa ma wata hayar ce mai zaman kanta. Shi ya sa da yawanmu muke juyowa mu dubi gidan da aka haife mu, mu ce ai ɗaki ɗaya kawai za mu ƙara.

Mu tara ne a wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maza biyar da mata huɗu. Gidan da ya bari a cikin badala ginin ƙasa ne irin na da: soro biyu, ɗakuna shida, rijiya, da tsakar gida mai faɗi da darbejiya a tsakiyarta. Cikin shekara goma sha biyu sau uku ana ƙari a gidan. Na farko ciki da falo ne na babban yayanmu, wanda ya cinye turken awaki da akurkin kaji. Na biyu ya ture madafa zuwa wani ɗan lungu kusa da rijiya. Na uku, na autanmu, shi ne ya faɗo a lokacin da kuɗi suka daina auki.

Mun zauna da magini a farkon 2023, buhun siminti yana tsakanin naira 4,000 da 5,000. Ya ba mu lissafi, muka raba a tsakaninmu, kowa ya fara tari. Ranar 29 ga Mayun shekarar sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. A nan gida ake yin simintin, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, amma kamfanonin sun ce tsadar iskar gas da kayan gyaran injuna da ake shigowa da su da dala, da lalacewar hanyoyi, duk a kan buhun suke sauka. Rodi da kwano da katako da tayil, kowanne ya bi sahu. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a naira 30,000 tun 2019, sai a watan Yulin 2024 ya koma 70,000. Kuɗin da muka tara don a gama har fenti ya ƙare bulo bai kai linta ba.

Wanda bai taɓa gyaran tsohon gida ba zai ɗauka ya fi sabon gini sauƙi, tunda ba a sayi fili ba. Lungunmu tifa ba ta shiga. A bakin titi ake juye yashi da tsakuwa, a biya yara su kwaso a baro, abin da ya kwana a waje kuma da safe sai a tarar ya ragu. Rijiya ta ja baya da rani, ruwan kwaɓa siminti sai a wurin 'yan garuwa. Sannan tsohon gida ba ya faɗin ciwonsa sai an taɓa shi. An fasa bango don a fitar da ƙofa, sai ga azara gara ta cinye ta. An ɗaga rufi, sai ga tsofaffin wayoyin wuta sun ƙone sun manne. Za a yi banɗaki na zamani, dole a haƙa sokawe, dole kuma ta yi nesa da rijiya, alhali duk gidan taku nawa ne. Magini ya hana a yaɓa siminti a kan bangon ƙasa kai tsaye, ya ce siminti yana riƙe danshi a ciki, damina biyu sai ya ɓamɓaro da ƙasar gaba ɗaya. Da muka tambaye shi zancen ɗora bene, sai ya ce, "Alhaji, tushen gidan nan ba a yi shi don ya ɗauki dakin ba. In kuna so sai a rushe a sake." Babu wanda ya ja da shi. Ba mu manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ba.

Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda a tara jimla. Akwai abin da ƙarin ya ci wanda bai shiga lissafin magini ba. Tsakar gida ita ce duniyar matan gidan. A nan ake daka da tankaɗe da shanya, a nan ake taron suna da kamu, a nan aka zauna makokin mahaifinmu kwana bakwai ba a nemi aron gidan maƙwabta ba. Kowane ɗaki da aka ƙara daga jikinta aka yanka. Yanzu igiyar shanya ɗaya ce tsakanin mata huɗu, kuma rabin saɓanin da ake samu a gidan daga igiyar nan yake farawa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi da rana, da ɗumi lokacin hunturu. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in aka ɗauke wuta ba ya zaunuwa. Sai kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gidan da ginin nasa ya rage wa faɗi. Da damina ma haka. Ƙasar da ke shanye ruwa an malale ta da siminti, kududdufan unguwa da ke karɓarsa an cike su an yi gidaje da shaguna, ruwa ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane.

Abu mafi nauyi shi ne gado. Ba a raba gidanmu ba, kamar yadda ba a raba dubban gidaje a birnin nan ba, don in aka sayar aka raba kuɗin, kason kowa ba zai sayi gida ko'ina ba. A lissafin shari'a gidan kashi 16 ne: Hajiya tana da 2, tumuninta ke nan, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ke nan duk wanda ya ɗora bulo, ya ɗora ne a kan ƙasar mutum goma. Namiji yana ciki, yana gini, yana tara rasit. Mace tana gidan mijinta, kasonta yana nan a baki kawai. Ranar da za a yi rabo sai a ji wani ya ce, "Ai ni na gina nan da kuɗina," daga nan sai gaban alƙali. Mun san gidaje a unguwarmu da 'yan uwa ciki ɗaya suka daina gaisawa a kan ɗakin da bai fi taku huɗu ba.

Da kuɗi suka ƙare, sai aka kawo shawarar a fasa tsohon ɗakin da ke jikin na Hajiya a haɗe shi da sabon, ya zama falon amarya, a huta da sayen bulo. Ranar da aka zauna a kan maganar, babbar yayarmu ta saurara har kowa ya gama, sannan ta ce, "Ni ba na hana Auta aure. Amma ku gaya mini, in yau ɗayarmu ta dawo gida, da takarda ko da takaba, a ina za ta shimfiɗa tabarma?" Soron ya yi tsit. Ɗakin nan shi ne wanda kowace ɗiyar gidan ta yi wankan jego a cikinsa, kuma shi ne ya karɓi ƙanwarmu wata takwas lokacin da mijinta ya rasu.

Bayan sati muka kira liman da mai unguwa, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. Ƙasar gida ta magada ce duka. Abin da kowa ya kashe a gini, na da da na yanzu, an rubuta shi, ranar rabo masu ƙima su duba. Ɗakin jikin na Hajiya na mata ne, ba mai taɓa shi. Darbejiya da inuwarta ba za a sake gini a wurin ba. Auta ya haƙura da ciki ɗaya da banɗaki, aka ɗaga bikinsa wata biyar. Bai ji daɗi ba, dangin amarya ma sun yi ƙorafi, sai da Hajiya ta taka da kanta ta je ta ba su baki.

Mun san takardar nan ba ta ƙara wa gidan ko taku ɗaya ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma muddin ba a yanka sababbin unguwanni masu titi da ruwa da magudana a farashin da malamin makaranta zai iya ba, mutane za su ci gaba da cusa ɗakuna a tsofaffin gidaje har iska ta rasa hanyar shiga. Mu dai namu ya cika. Jikokin Hajiya da ke kwana a gidan sun kai 17, babbansu ya gama sakandare. Tun watan da aka kai amaryar Auta muka fara adashi, maza da mata, kowa gwargwadon ƙarfinsa, don sayen fili a bayan gari. Duk wata farashin filin yana gaba muna bin sa a baya, amma ba mu fasa zubi ba. Allah ya sa mu cim masa Hajiya tana da rai, ta je ta sa masa albarka.