Daga Gonar Rake Zuwa Sito a Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba jama'a labarin abin da na gano a tafiyata Kano.

Mu nan Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi, mun san aikin ƙarfi. In rake ya yi, za ka ga samari suna sara, suna ɗaure dami, suna loda wa manyan motoci. Aiki ne mai cin jiki, amma ɗan dako yana ganin mai kaya ido da ido. Su yi jinga kafin a ɗaga dami, in an saɓa a kira dattawan kasuwa su raba gardama.

To, ɗan wana ya bar wannan aiki ya tafi Kano, ya kama aiki a siton wani kamfani mai ciniki ta intanet, watau mutum ya zaɓi kaya a wayarsa, a kai masa har ƙofar gida. Na shiga mota a Tashar Yari, muka wuce Kwanar Dangora da Kura, na same shi da azahar.

Siton fes, kaya jere bisa kanta. Amma yaron nan tun safe yana tsaye, wata 'yar na'ura a hannunsa tana ƙidaya kwalin da ya ɗauka da mintin da ya ɓata. Na ce, "Wa ke yanka maka lada?" Ya ce, "Baba, ban taɓa ganinsa ba. Wani ɗan kwangila ya ɗauke mu, in na'ura ta ce ka yi nawa, sai a ce gobe kada ka zo." Ko salla da gaggawa ya yi ta.

Wannan kuka ba na Kano kaɗai ba ne. A Amurka, ma'aikatan siton Amazon na Bessemer sun jefa ƙuri'a kan kafa ƙungiya a 2021, abin bai yiwu ba. Na Staten Island a New York kuwa suka ci nasara cikin Afrilu 1922 da ɗari, watau 2022. Cikin Janairu 2023 na Coventry a Ingila suka yi yajin aiki saboda lada. Mu ma a nan, a 1945, da tsadar rayuwa ta yi yawa, ma'aikata suka ajiye aiki fiye da kwana 40, Michael Imoudu na 'yan reluwe yana gaba.

Jama'a, tsintsiya ɗaya ba ta shara. Wanda maigidansa ba ya ganuwa, in ba shi da ƙungiya, wa zai kai wa ƙara? Ina roƙon hukuma ta riƙa tura masu duba ma'aikata cikin waɗannan sito, a ba kowane yaro takardar sharaɗin aikinsa. Iyaye kuma ku tambayi takardar nan kafin ku sallami ɗa. Wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Nasarawan Doya.