RAMIN TABA

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa shan taba ba, amma a cikin motarsa ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai wani ɗan rami a gaban direba wanda aka yi shi domin mashaya taba. Muna yara mukan faki idonsa mu danna ɗan maɓallin da ke toshe ramin, mu jira ya yi tsalle ya fito, bakinsa jawur kamar garwashi. Har yau tabon ƙunarsa yana nan a babban yatsanmu. Malam yakan ce wannan shi ne abu ɗaya a jikin motar da ba shi da amfani ga bawan Allah.

Zamani ya juya. Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, daga baya aka sami irin mai fuskar gilashi wadda ba ta wuni ba tare da ta nemi caji ba. Sai ga shi ramin nan da aka raina ya zama abin nema. Yawancin motocin yanzu ma ba sa zuwa da abin kunna tabar, sai ramin kawai. Aikinsa kuwa mai sauƙin fahimta ne. Batirin mota yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, waya kuma bolt 5 take sha a cajin yau da kullum. Ɗan abin da ake cusawa a ramin shi ne ke rage ƙarfin wutar kafin ta isa wayar. In yana da kyau, falillahil hamdu. In na banza ne, yana iya haɗa wayoyin wuta ya ƙona fiyus.

Wannan karatu ba a aji muka yi shi ba. Wata ranar Alhamis ƙanwarmu ta kira daga gida cewa jikin Inna ya tsananta, likitoci sun ce sai an yi mata tiyata. Muka bar Legas a gurguje, ko cajar kirki ba mu ɗauko ba. A cunkoson fita gari muka sayi wata a hannun mai talla, muna ta murnar araha. Mun wuce Ibadan, mun wuce Ilori, mun haye gadar Jebba, ba mu lura cewa wayar ba ta shan komai ba. Daf da Mokwa, bayan magariba, ta ɗauke ɗif. Muka cire cajar muka sunsuna, sai ƙaurin roba. Araha dai ba ta ado.

Mun karantar da ɗalibai labaran matafiya da yawa, amma ba mu san nauyin shiru ba sai a daren nan. Lambar ƙanwar tamu ma ba mu haddace ba, balle mu ari wayar wani. Duk iliminmu yana cikin abin da ya mutu a hannunmu.

Wani yaro mai gyaran wutar mota, wanda bai fi shekara ashirin ba, shi ya cece mu. Ya haska tocila a ƙarƙashin sitiyari, ya zaro fiyus ɗin da ya ƙone, ya sa sabo, ya ara mana cajarsa. Ya ce, "Alhaji, ka bar injin a kunne, kada ka kashe batirin ma." Da wayar ta farfaɗo muka tarar da kira tara. Inna ta so ta ji muryarmu kafin a shiga da ita, an jira har aka gaji, an shiga.

Awa uku muka yi a bakin titi kafin a ce ta fito lafiya. Da muka isa washegari muka durƙusa muna ba ta haƙuri, sai ta ce, "Haba ɗan nan, mahaifinka yakan yi wata guda a hanya ba labari, kuma ba mu mutu ba." Ta yafe, amma mu ba mu manta ba. Tun daga ranar, akwai fiyus biyu da caja mai kyau a aljihun motarmu, lambobin 'yan gida kuwa muna rubuce da su a takarda, kamar yadda Malam yake yi.